Daga Matuƙi Zuwa Sufeton Jiragen Sama

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama, ko don aikin Hajji ko don wata harka tsakanin Kano da Ikko, ya ga matuƙi, ya kuma ga masu yi wa fasinjoji hidima. Amma akwai wani ma'aikacin Gwamnati wanda ba safai ake ganinsa ba, alhali kuwa sai da yardarsa matuƙin nan ya zauna a kujerarsa. Shi ne sufeton da ke duba aikin matuƙa da kamfanonin jiragen sama, a ƙarƙashin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda ake kira NCAA a taƙaice. An kafa wannan Hukuma da doka a 1999.

Ba mu san darajar wannan aiki da arha ba. Ran 22 ga Oktoba, 2005, jirgin Bellview ya faɗi a ƙauyen Lisa cikin Jihar Ogun, mutum 117 suka rasu. Ba a yi wata biyu ba sai jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal, da 'yan makaranta masu yawa a ciki. Ran 29 ga Oktoba, 2006 kuma jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja, a ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansa. A shekarar nan ta 2006 aka zartar da sabuwar dokar sufurin jiragen sama, wadda ta ƙarfafa ikon Hukumar, ta kuma ba ta 'yancin yanke hukunci a kan tsaron lafiyar jirage. To, amma doka takarda ce. Sufeto ne ke kai ta filin jirgi.

Sufetoci iri-iri ne. Akwai injiniyoyi masu duba lafiyar jirgin kansa, akwai masu duba filayen sauka, akwai masu duba aikin hasumiya. Binciken haɗari bayan ya auku kuwa aikin wata hukuma ce dabam. Wanda muke bayani a kansa a nan shi ne sufeton tuƙi, wanda tilas ne ya zama shi ma matuƙi ne.

Dalilin haka a fili yake. Ƙa'idar Ƙungiyar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, ita ce kada mai dubawa ya gaza wanda yake dubawa ilmi da ƙwarewa. Kyaftin ɗin da ya shekara ashirin yana tuƙi ba zai saurari gyara daga wanda bai taɓa saukar da jirgi cikin hazon hunturu ba, kuma ko ya saurara, mai gyaran ba zai gane inda kuskuren yake ba.

Saboda haka hanyar doguwa ce. Yaro ko yarinya mai sha'awar wannan aiki sai ya fara da kyakkyawan sakamako a sakandare, musamman a Lissafi da Kimiyya da Turanci, domin da Turanci ake magana tsakanin jirgi da hasumiya a sufurin ƙasa da ƙasa. Daga nan sai makarantar koyon tuƙi, kamar Kwalejin Jiragen Sama ta Zariya wadda aka kafa a 1964. Lasin farko na tuƙin kai da kai ne, ana samunsa bayan awa 40 a sama. Na biyu shi ne lasin tuƙin haya, wanda yake bukatar awa 200, ko 150 ga wanda ya yi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne lasin zama kyaftin na manyan jiragen fasinja: ba a ba da shi sai mutum ya cika shekara 21 da haihuwa, ya kuma tara awa 1,500. Ban da waɗannan, kowane irin babban jirgi yana da tasa takardar shaida. Wanda ya ƙware a Boeing 737 ba shi da izinin tuƙa Airbus sai ya sake horo. Ga kuma gwajin likita na daraja ta ɗaya, da ake sabuntawa a kai a kai.

Duk wannan matuƙi kawai ya samar, bai samar da sufeto ba tukuna. Shawarar ICAO ita ce sufeton tuƙi ya kasance ya yi abin da bai gaza awa 5,000 ba yana shugabantar babban jirgi, na farar hula ko na soja. Da yake doka ba ta barin matuƙin haya ya wuce kimanin awa 1,000 a shekara, mai karatu zai ga cewa ana maganar shekara biyar ne aƙalla a kujerar kyaftin, ban da shekarun da ya yi yana mataimaki. Wanda ya taɓa koyar da tuƙi ko jarraba matuƙa a kamfaninsa ya fi samun fifiko. Cikakkun sharuɗɗa kuwa Hukuma kan bayyana su a sanarwar ɗaukar ma'aikata, kuma ita ce abin bi.

Bayan an ɗauke shi sai ya koma ɗalibi. Zai koyi dokokin sufuri, da yadda ake bincike, da yadda ake rubuta rahoton da zai tsaya ko a gaban alƙali. Zai bi wani tsohon sufeto yana kallo, sa'an nan ya yi ana kallonsa, kafin a ba shi katin shaida mai ba shi ikon shiga jirgi da ofishin kamfani.

Aikin yau da kullum ya kasu. Idan sabon kamfani ya nemi izinin jigilar fasinja, sufeto zai karanta littattafan aikinsa shafi-shafi, ya duba horon matuƙansa, ya shiga jirgin a tashin gwaji kafin a ɗauki fasinja ko guda. Wani lokaci yakan bayyana a filin jirgi ba sanarwa, ya nemi lasin matuƙi da takardar likitansa, ya duba ko man da aka sha ya isa, ko kaya sun yi nauyi, ko matuƙan sun sami hutun da doka ta tanada. Wani lokaci ya zauna a bayan matuƙa daga tashi har sauka, yana kallo bai ce uffan ba. Yakan kuma halarci jarrabawar da ake yi wa matuƙa sau biyu a shekara cikin na'urar kwaikwayon jirgi, inda ake kashe musu inji da gangan a ga yadda za su yi.

Wuyar aikin ba a nan take ba. Matuƙan ƙasar nan ba su da yawa, kusan kowa ya san kowa. Wanda sufeto zai kayar a jarrabawa yau, wataƙila abokin karatunsa ne a Zariya, ko ma wanda ya koya masa tuƙi. Jirgin da zai hana tashi yana iya kasancewa cike da fasinjoji masu gaggawa, ga mai kamfani yana bugo waya. Don haka ba a yarda sufeto ya karɓi kyauta daga kamfanin da yake dubawa ba, ko ya kasance yana da wata moriya a cikinsa. Gaskiya ne kuma cewa kamfanoni sukan fi Gwamnati biyan kyaftin, abin da ya sa ƙasashe da yawa suke fama da ƙarancin sufetoci, har ICAO take nanata cewa a daidaita albashinsu da na takwarorinsu.

Ƙa'idar duniya ta hana matuƙi jigilar fasinja tsakanin ƙasashe idan ya cika shekara 65. Kyaftin ɗin da yake da niyyar shiga aikin sufeto bai kamata ya jira ƙarshen nan ba. Ya adana littafin da yake rubuta awoyinsa cikin tsari, kada ya bar lasinsa ko takardar likitansa su mutu, ya kuma nemi zama mai koyarwa tun yana kamfani, domin waɗannan ne takardun da za a fara tambayarsa ranar ganawa.