Gwajin Idon Yara: Lokacin Farawa da Tazarar Maimaitawa

1.0 Gabatarwa

A bisa al'ada, ba a cika neman maganin ido ba sai ya yi ja, ko ya fara kwantsa, ko gani ya dushe. Wannan ma'auni bai dace da yaro ba, domin wanda ya tashi da raunin gani bai san akwai ganin da ya fi nasa ba, balle ya yi ƙorafi. Wannan muƙala ta bayyana lokacin da ya kamata a fara duba idon yaro, da yadda za a riƙa maimaitawa.

2.0 Dalilin Farawa da Wuri

Ba a haihuwar jariri da cikakken gani. Ƙwaƙwalwa ce ke koyon fassara hoton da ido ke aika mata, kuma wannan koyo ya fi ƙarfi daga haihuwa zuwa kimanin shekara 7 ko 8. Idan ido ɗaya yana aika hoto dishi-dishi, saboda harara-garke ko yana ko bambancin ƙarfin idanun biyu, sai ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi, ta dogara ga ɗayan. Wannan shi ne ragon ido, wanda likitoci ke kira ambiliyofiya. Ana magance shi da tabarau, da kuma rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kullum don a tilasta wa ragon aiki. Idan shekarun suka wuce, gyaran kan yi wuya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3.0 Jadawalin Gwaji

A Ingila ana duba idon jariri cikin sa'o'i 72 da haihuwa, a sake dubawa tsakanin mako 6 zuwa 8. Ma'aikacin lafiya kan haska ƙwayar idon, ya ga ko jan haske zai dawo daga ciki. Idan fari ya bayyana, yana iya zama alamar yanar ido ko ciwon dajin ido. Yanar da aka haifi jariri da ita, idan ta toshe gani, an fi son a cire ta cikin makonnin farko na rayuwarsa. Daga nan sai gwajin ƙarfin gani a shekara 4 zuwa 5.

A Amurka kuwa, ƙungiyar masu auna gani ta ƙasar ta ba da shawarar cikakken gwaji tsakanin wata 6 zuwa 12, sai wani tsakanin shekara 3 zuwa 5, sai kafin shiga aji ɗaya na firamare, daga nan kuma duk shekara. Tsare-tsaren biyu sun bambanta a tazara, amma sun haɗu a kan cewa gwaji ya riga ƙorafi.

4.0 Waɗanda ba sa Jiran Jadawali

Bakwaini yana buƙatar gwaji na musamman a makonnin farko, domin jijiyoyin jinin bayan idonsa ba su gama tsirowa ba. Haka ma yaron da ke karkata kai ko runtse ido yayin kallo, ko wanda ya yi fama da ƙyanda, ko mai dundumi, wanda sau da yawa alama ce ta ƙarancin bitamin A.

5.0 Kammalawa

A Nijeriya ana kai jarirai rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14, da kuma wata na 9. Waɗannan ranaku dama ce ta neman a duba idon jariri ba tare da wata tafiya ta daban ba, kuma idan an ga abin shakka a tura shi asibitin ƙwararru, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Yaron da ake kira daƙiƙi a aji, wataƙila allon ne ba ya gani.