Yadda Kulob Ɗin 49ers Ya Miƙe Bayan An Rufe Wa Ƴan Wasa Ƙofa Wata Huɗu

Duk wanda ya saba kwance dilar gwanjo a kasuwannin bakin iyaka ya sha cin karo da wata jar riga mai faɗin kafaɗa da ƙatuwar lamba a baya, an rubuta mata 49ers. Rigar wani kulob ce na birnin San Faransisko a Amurka, mai buga irin ƙwallon nan nasu da ba ta yi kama da tamu ba: ƙwallon kamar ƙwai take, da hannu ake ɗauka ana jifa, ƴan wasa 11 a kowane ɓangare, kowa da hular kwano. Sunan ya samo asali ne daga masu neman zinariya da suka kwarara jihar Kalifoniya a 1849.

Kulob ɗin ya ci babban kofin ƙasar, Super Bowl, har sau 5 tsakanin kakar 1981 da ta 1994. Daga baya sai abubuwa suka taɓarɓare. Tun bayan kakar 2002 bai sake shiga zagayen neman kofi ba, shekara 8 a jere. A 2010 wasa 6 ya ci, aka doke shi a 10, aka sallami mai horarwa Mike Singletary tun kakar ba ta ƙare ba. A watan Janairun 2011 iyalan York, masu kulob ɗin, suka ɗauko Jim Harbaugh daga jami'ar Stanford a kan dala miliyan 25 na shekara 5, domin ya gyara ɓarnar.

To amma Harbaugh ya zo a mummunan lokaci. Masu kulob-kulob 32 na hukumar NFL da ƙungiyar ƙwadagon ƴan wasa sun kasa daidaitawa a kan rabon kuɗin shiga, kimanin dala biliyan 9 a shekara, wato sama da biliyan 4,000 na sefa a canjin wancan lokaci. Da ma masu kulob suna cire biliyan 1 gefe kafin a yi rabo, sai suka ce a ƙara musu wani biliyan 1, kuma a ƙara yawan wasanni daga 16 zuwa 18. Ƴan wasa suka ce ba su san zance ba, jikinsu ne ke karyewa a fili. Ranar 12 ga Maris 2011 masu kulob suka sa kwaɗo.

A nan ya kamata mai karatu ya lura, domin da yawa sukan kira abin yajin aiki. Ƴan wasa ba su ƙi aiki ba, masu gida ne suka hana su shiga. An haramta wa mai horarwa ya yi magana da ɗan wasansa ko ta waya. Ba shiga filin atisaye, ba ganin likitan kulob, ba sayen ɗan wasa, ba sayarwa. Ɗan kasuwar da ya taɓa ganin an rufe iyaka alhali kayansa na ɗaya ƙetaren ya san irin wannan zama: dukiyar taka ce, amma ba ka isa ka taɓa ta ba, kuma ba wanda zai gaya maka ranar buɗewa.

Kulob da ke da tsohon mai horarwa bai damu ƙwarai ba, yaransa sun san tsarinsa. Wanda ya shiga uku shi ne irin 49ers. A wannan ƙwallo kowane hari sai an tsara shi tun daga gida, kowane mutum ya san inda zai ruga da lokacin da zai juyo, kuma duk wannan yana cikin wani ƙaton littafin dabaru da akan yi watanni ana haddacewa. Harbaugh ya zo da sabon littafi, amma babu halin ya miƙa wa kowa.

Sai ga wata ƴar kafa ta samu. Fitattun ƴan wasa irin su Tom Brady da Peyton Manning da Drew Brees sun kai ƙara kotu, kuma ranar 25 ga Afrilu mai shari'a Susan Richard Nelson ta jihar Minesota ta ba da umurnin a buɗe ƙofa. Ranar 29 ga wata kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da umurnin. A cikin wannan ɗan tsakani Harbaugh ya damƙa littafinsa a hannun Alex Smith.

Zaɓen wannan mutum ya ba mutane mamaki. Smith shi ne mai jefa ƙwallo, wanda za mu iya kira madugun hari, domin shi ke faɗa wa ayari inda za a bi. Shi aka fara ɗauka cikin dukan sabbin ƴan wasan 2005, amma shekara 6 bai taɓuka abin kirki ba. Kusan kowace shekara sai an canza masa mai tsara hari, ciwon kafaɗa ya hana shi buga kakar 2008 gaba ɗaya, kuma a 2010 magoya bayan kulob ɗin da kansu suka riƙa yi masa ihu a filin Candlestick. Abin da ya fi haka ma, kwantaraginsa ya ƙare. A takarda, ba ɗan 49ers ba ne.

Duk da haka a watan Yuni ya tara abokan wasansa a jami'ar jihar San Jose, ya zama malaminsu, yana karantar da su littafin a aji sannan su fita fili su gwada. Ƴan jarida suka laƙaba wa taron suna Camp Alex. Ba albashi, kuma da ya karye a can, asarar tasa ce shi kaɗai. A cikin ɗaliban har da wani sabon yaro, Colin Kaepernick, wanda kulob ɗin ya ɗauka a watan Afrilu domin wata rana ya gaji kujerar Smith ɗin.

An sasanta ranar 25 ga Yuli, bayan wata huɗu da rabi. Yarjejeniyar ta shekara 10 ce: ƴan wasa za su samu kusan kashi 47 cikin 100 na kuɗin shiga, wasanni suka tsaya a 16 (sai a 2021 aka mai da su 17), aka kuma ƙayyade albashin kowane kulob a kan kimanin dala miliyan 120. Sabbin shiga ne suka biya kuɗin sulhun, domin ba su da wakili a teburin. Sam Bradford da aka fara ɗauka a 2010 an lamunce masa dala miliyan 50, amma Cam Newton na 2011 miliyan 22 ya samu.

Da kasuwa ta buɗe, manajan 49ers Trent Baalke bai shiga rububin manyan sunaye ba. Ya ba Smith shekara 1 a kan kimanin dala miliyan 5, ya kwaso ƴan wasa masu sauƙin kuɗi irin su Carlos Rogers da Donte Whitner da David Akers. A ganina wannan ne wayon: sun gane kayan da ke rumbunsu, su Patrick Willis da Justin Smith da Frank Gore, ba lalatattu ba ne, mai jera su aka rasa. Harbaugh bai ɗora wa Smith abin da ya fi ƙarfinsa ba, jifa gajere, kada a zubar da ƙwallo. Sau 5 kacal aka tare jifarsa a duk kakar.

Kulob ɗin da ya ci wasa 6 a bara sai ga shi ya ci 13, an doke shi a 3. A Janairun 2012 ya fitar da New Orleans Saints da ci 36 da 32, Smith ya jefa wa Vernon Davis ƙwallon nasara saura daƙiƙa 9. Mako guda bayan haka New York Giants ta tare shi da 20 da 17 a ƙarin lokaci.

Smith bai daɗe yana cin gajiyar wahalarsa ba. A Nuwamban 2012 ya bugu a kai, Kaepernick ya shiga madadinsa, kuma da ya warke Harbaugh bai mayar masa da kujerar ba. Yana gefen fili aka buga Super Bowl a Fabrairun 2013, inda Baltimore Ravens ta John Harbaugh, wan Jim, ta ci 34 da 31. A watan Maris aka miƙa shi ga Kansas City. Shi kansa Harbaugh ya raba gari da shugabannin kulob a ƙarshen 2014, ya koma jami'ar Mishigan. A 2016 wasa 2 kawai 49ers ta ci cikin 16.