Master P: Mawaƙin da Ya Fi Iya Ciniki

 Shirinmu na yau zai kai mu birnin New Orleans na jihar Louisiana a kudancin Amurka, mahaifar Percy Miller, wanda duniya ta fi sani da Master P.

A farkon shekarun 1990, idan ana zancen waƙar gambara a Amurka, New York da Los Angeles ne ke jan zarensu. Mawaƙan kudu kuwa kallon ƙauyawa ake musu. Percy ya tashi a Calliope, unguwar gidajen gwamnati da talauci da harbe-harbe suka yi wa katutu. Jarinsa na farko dala 10,000 ne, daga diyyar da aka biya bayan kakansa ya rasu sakamakon sakacin asibiti. Da kuɗin ya buɗe ɗan shagon kaset a garin Richmond na jihar California, ya raɗa masa suna No Limit.

Zaman shagon nan ne makarantarsa. A nan ya ga kaset ɗin da ke tafiya da wanda ke kwantai, ya ga abin da dillali ke kwasa da ɗan guntun da ke isa hannun mawaƙi. Da ya fara nasa waƙoƙin, sai ya riƙa loda su a bayan mota yana bi gari-gari.

Bayan ya maido da harkarsa gida New Orleans, a 1996 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Priority Records. A saurari wannan da kyau, don nan ne ƙashin bayan labarin. Al'adar lokacin ita ce kamfani ya ba mawaƙi kuɗin gaba, ya mallake waƙoƙin, sannan ya cire bashinsa daga ciniki. Master P ya ce Priority su tsaya a rarraba kaya kawai. Shi zai ɗauki nauyin ɗaukar sauti da talla, ya riƙe kashi 85 cikin ɗari, kuma faifan asali na kowace waƙa ya zama mallakinsa.

Daga nan sai ambaliya. Kundinsa Ghetto D ya hau saman jadawalin Billboard a 1997, MP Da Last Don ya maimaita haka a 1998. A wannan shekara kaɗai No Limit, wanda ya riga ya zama kamfanin waƙa, ya saki kundi 23, har Snoop Dogg ya baro kamfanin Death Row ya shigo inuwarsa. Makaɗan kamfanin, Beats By the Pound, kusan ba sa barci. Bangon kowane faifai cike yake da zinare da motoci da tambarin tankar yaƙi, cikinsa kuma tallar faifan da ke tafe. Fim ɗinsa na 1997, I'm Bout It, bai bi ta sinima ba, kai tsaye kaset ɗin bidiyo ya shiga, kamar dai yadda 'yan fim ɗin Kano suka kafa kasuwarsu a wancan zamani.

To amma waƙar fa? Gaskiya ɗaya ce: Master P ba gwanin baiti ba ne. Muryarsa a shaƙe take, nishinsa ya fi kalmominsa suna, kuma ko a cikin gidansa Mystikal da Mia X sun fi shi zalaƙa. Yawancin kundayen nan 23, in ka ji ɗaya kamar ka ji biyar.

Gaggawar ce kuma ta ci kamfanin. A 1999 makaɗansa suka fice kan rigimar kuɗi, shi kuma hankalinsa ya karkata ga ƙwallon kwando, har ya je gwaji a ƙungiyoyin Charlotte Hornets da Toronto Raptors. Kafin ya waiwayo, Cash Money, kamfanin su Juvenile da Lil Wayne, ya karɓe New Orleans. No Limit ya bayyana karyewarsa a kotu a 2003, ƙanensa C-Murder kuma aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2009 kan kisan kai. Shi Percy ya ci gaba da kasuwanci, daga tufafi har kayan ciye-ciye.

Yanzu sai mu ɗanɗana muku waƙar da ta fi kowace fito da shi, Make 'Em Say Uhh!, daga kundin Ghetto D, inda ya haɗu da Fiend da Silkk the Shocker da Mia X da Mystikal. A sha sauraro lafiya.