Gidan Rainon Karnuka: Amfaninsa da Iyakarsa

A manyan biranen Amurka da Birtaniya akwai wata sana'a da Bahaushe zai iya ji ya riƙe baki, wato gidan rainon karnuka na yini, inda mutum yake sauke karensa da safe a kan hanyarsa ta zuwa aiki, ya biya a kula masa da shi a cikin sauran karnuka, sannan ya biyo da yamma ya ɗauke shi kamar mai ɗauko yaro daga makaranta. Sana'ar ta kunno kai a birnin New York a ƙarshen shekarun 1980, kuma ta bunƙasa har aka samu kamfanoni masu rassa da yawa, irin su Camp Bow Wow da aka buɗe a Denver a 2000, da Dogtopia da ya fara a jihar Bajiniya a 2002.

Dalilin samuwarta ba zai fito fili ba sai an dubi yadda kare yake rayuwa a can. Karen ƙasar Hausa, ko na farauta ne ko na gadi ko mai bin garke, yana da aikin yi da filin yawo, kuma ba ya yini bai ga mutum ko ɗan'uwansa kare ba. Shi kuwa karen birnin Landan sau da yawa a ɗakin bene yake zaune, mai shi ya kulle ƙofa tun safe, ba zai dawo ba sai bayan awa takwas ko tara, alhali ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA tana ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu a jere. Abin ya fi tsanani ga nau'o'in da tun asali don aiki aka kiwata su, kamar Border Collie da ke kora tumaki a tsaunukan iyakar Ingila da Sikotland, ko Husky da ke jan keken ƙanƙara. Irin wannan dabba idan ta rasa inda za ta kai ƙarfinta sai ta sauke shi a kan kayan ɗaki, ta yayyage kujera, ta tattaune takalmi, ta cika maƙwabta da haushi, mai gida kuma ya dawo yana cewa karensa ya lalace, alhali zaman banza ne ya ishe shi.

Ta fuskar motsa jiki amfanin gidan raino a bayyane yake. Karen da ya yi tsere da kokawa da 'yan'uwansa yana ƙone kitsen da yawon minti ashirin a igiya ba zai taɓa ba, kuma ƙiba, wadda likitocin dabbobi a waɗannan ƙasashe suke yawan kuka da ita, tana jawo ciwon gaɓoɓi da gajarta kwana. Sai dai babban kare yana bukatar barcin awa 12 zuwa 14 a kwana guda, saboda haka gidan da ya san aikinsa yana raba yini tsakanin wasa da hutu, ya shigar da kowane kare wurin kwanciyarsa da tsakar rana. Karen da aka bari yana guje-guje tun safe har yamma yakan koma gida a wahale, ya zama mai saurin fushi, ko da yake mai shi yakan ɗauka gajiyar alamar jin daɗi ce.

Batun sabo da jama'a shi ne inda talla ta fi wuce gona da iri. A ɗakin bincike na Jackson da ke Bar Harbor a jihar Maine, masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun kwashe shekaru suna rainon 'yan kwikwiyo na nau'o'i biyar, suka wallafa sakamakon a 1965, inda suka nuna cewa akwai wani ɗan lokaci, daga kusan mako uku zuwa mako goma sha biyu da haihuwa, wanda a cikinsa kwikwiyo yake karɓar sabon abu ba tare da tsoro ba, kuma abin da bai saba da shi a lokacin ba yakan zame masa abin gudu ko abin kai wa hari har girmansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matsalar ita ce yawancin gidajen raino ba sa karɓar kwikwiyo sai ya kammala alluran rigakafinsa, wanda yake kai shi ƙarshen wannan lokaci ko ma ya wuce. Abin da gidan yake yi ke nan shi ne ya raya tarbiyyar da aka riga aka dasa, ya hana ta dusashewa. Karen da ya tashi yana tsoron 'yan'uwansa, jefa shi cikin karnuka ashirin ƙara masa firgici yake yi, kuma maganinsa yana hannun mai horarwa da zai bi da shi sannu a hankali.

Ga karen da ya dace da wurin kuwa, darasin da yake samu ba ɗan ƙarami ba ne, domin karnuka suna da hanyar magana da jiki wadda sai da yawan cuɗanya ake ƙwarewa a kanta. Mai neman wasa yakan kwantar da ƙirjinsa ƙasa, ya miƙe ƙafafun gaba, ya ɗaga ƙugu sama yana kaɗa wutsiya, wato yana sanar da cewa cizon da zai biyo baya na raha ne. Masanin halayyar dabbobi Marc Bekoff ya yi dogon nazari a kan wannan rusunawa. A wasa mai kyau ana yin karɓa-karɓa, wanda ya kori ɗan'uwansa yanzu shi za a kora an jima, kuma babba yakan faɗi da gangan don ƙarami ya hau kansa. Idan kuwa ɗaya ya sandare, ya rufe baki, ya kawar da kai har farin idonsa ya bayyana, ko ya shiga lasar leɓe da hamma ba don barci ba, to ya ƙosa ne, kuma ma'aikacin da ya san aikinsa a nan yake shiga tsakani, tun kafin a ji gurnani. Ingancin gidan raino a idon wannan ma'aikaci yake, fiye da kyan gini ko kyamarar da ake nuna wa masu karnuka ta wayar salula, domin inda babu mai lura, mai cin zali yana ƙara gogewa ne a cin zalinsa.

Haka nan ya kamata a bambanta gundura da ciwon rabuwa, wato firgicin da wasu karnuka suke shiga da zarar mai su ya fita. Gidan raino yana kawar da gundura, amma mai ciwon rabuwa ɓoye masa ciwon kawai yake yi, ranar da aka bar shi shi kaɗai ciwon zai dawo. Tsofaffin karnuka ma da yawa sun fi son kwanciya a inda suka saba.

Tara dabbobi wuri guda yana da nasa haɗari, musamman tarin nan mai yaɗuwa da ƙwayar Bordetella take cikin masu haddasa shi, da murar karnuka irin wadda ta ɓarke a Chicago a 2015 har gidajen raino da dama suka rufe na ɗan lokaci. Shi ya sa ake neman takardar rigakafi da shaidar maganin ƙuma da kaska, a kuma yi wa baƙon kare ranar gwaji kafin a haɗa shi da rukunin da ya yi daidai da girmansa da halinsa. A Ingila, tun watan Oktoba na 2018 doka ta wajabta wa mai wannan sana'a karɓar lasisi daga ƙaramar hukuma, wadda take aiko mai duba wurin, ya ga fili da tsabta da yawan ma'aikata, sannan a ba gidan daraja daga tauraro ɗaya zuwa biyar, kuma yawan taurarin ne yake nuna ko lasisin na shekara ɗaya ne, ko biyu, ko uku.