Ban-ruwa da wayar salula

A fadamar Gulbin Maraɗi, daga Jiratawa har Tsibiri, noman rani ya dogara ga ruwan ƙasa. Famfo ke ɗago shi, famfo kuwa yana cin wuta ko mai. In ruwa ya yi yawa, kuɗi sun tafi banza. In ya yi kaɗan, shuka ta ƙone.

Wani ɗan Nijar, Abdu Maman Kane, ya ƙera na'ura saboda wannan matsala. A 2015 ta jawo masa babbar kyautar ruwa ta Sarki Hasan na Biyu na Maroko.

Ana kafa ma'aunai cikin garka. Suna auna zafi da damshi da iska da ruwan sama. Hasken rana ke ba su wuta. Labarin yana isa wayar manomi, ko yana kasuwar Maraɗi. Da wayar zai tada famfo, da ita zai kashe.

Amma na'ura tana son kulawa. A riƙa share ƙura daga allon hasken rana. A kange ta saboda bisashe. Ƙungiyar manoma ta naɗa mai dubawa guda, ta ware kuɗin gyara tun lokacin girbi.