Safiyo, Injiniya da Masanin Ƙasa: Wa Ya Ba Su Izini?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ga raƙuma da shanu suna kwararowa daga Jamhuriyar Nijar, ya san akwai iyaka a gefen garin, amma ba kowa ne ya san cewa iyakar nan aikin masu awon ƙasa ce ba. Tsakanin 1906 da 1908, Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ta da na'urorinsu tun daga Kogin Kwara har Tafkin Chadi, suka kafa turaku 148, kuma ko da yake rabon ya raba 'yan uwa ba da shawararsu ba, har yau lissafin nan ake komawa gare shi idan an yi saɓani. To, idan dauloli biyu suna dogara ga awon mutum, lalle ya wajaba a san wane ne shi, a ina ya yi karatu, wa kuma ya shaidi ƙwarewarsa.

Al'amarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamanmu na da ba su yarda almajiri ya zauna ya karantar da littafi ba sai shaihinsa ya ba shi ijaza, fuƙaha'un mazhabar Malikiyya kuwa sun ɗora wa mai sana'a lamunin abin da ya lalace a hannunsa, muhtasibi kuma yana zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli. Lasisin zamani a kan wannan turba yake. Dokar soja ta 44 ta 1989 ta kafa majalisar da ke yi wa safiyo rajista, wadda ake kira SURCON, kuma taswirar fili ba ta da hujja a ofishin ƙasa sai da sa hannu da hatimin wanda sunansa ke cikin littafinta.

A ƙasar Gumel, inda arziki gona ne da dabba, wannan ne ya fi shafar talaka. Da, gamba ake dasawa a kan iyaka, ko a ce daga tsamiyar can zuwa suri, dattawa da mai unguwa su zama shaidu, kuma ya wadatar muddin shaidun suna raye, ƙasa kuma tana da yalwa. Amma da jama'a suka ƙaru, gado ya yayyanka gonaki, noma ya ci burtali, gari ya faɗa cikin karkara, sai ga dillalai suna yanka fuloti da igiya suna sayarwa, wani lokaci fili guda ga mutum biyu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓarta saboda maslahar jama'a tare da biyan diyya. Mutanen Gagarawa da Sule Tankarkar sun ga ma'anar wannan lokacin da aka keɓe hekta 12,000 a yankinsu da maƙwabtansu domin noman rake, manoma da yawa suka yi ƙorafi. Duk inda maganar diyya ta taso, manomin da bai san faɗin gonarsa a rubuce ba, sai dai ya karɓi adadin da wani ya faɗa masa. Kada kuma a ruɗu da yaron da ya zaga gona da wayar hannu ya karanto lambobi, domin in awonsa ya karkace babu majalisar da za ta tuhume shi, alhali kuwa safiyo mai rajista ana iya soke sunansa ya rasa abincinsa.

Injiniyoyi sun riga masu awon ƙasa samun tasu majalisar, COREN, tun 1970, kuma rajistarta hawa huɗu ce, daga cikakken injiniya har zuwa mai aikin hannu, wato doka ba ta raina birkila ba, ta dai ajiye kowa a haddinsa. Magini gwani yana iya tayar da ɗakin ƙasa da ya fi shi daɗewa, amma bene, ko tankin ruwa a bisa ƙarfe, ko rufin masallacin Juma'a, lissafin rodi da siminti da ƙarfin ƙasa suke bukata, kuskure a nan kuwa rayuka yake ci.

Masanin ƙasa shi ne jama'a suka fi jahilta, alhali ruwan shanmu yana hannunsa. Arewacin Jigawa yana bisa shimfiɗar rairayi da yumɓu ta kwarin Chadi, saɓanin Dutse da Birnin Kudu inda dutse ya fito fili, kuma ruwa yana kwance ne a cikin rairayin da ke tsakanin yumɓun, mai zurfi a wani wuri, mai sauƙi a wani. Kafin a haƙa rijiyar burtsatse, shi ne zai aika wutar lantarki cikin ƙasa ya karanta yadda ta ratsa, ya faɗi inda za a huda da zurfin da za a kai. Majalisar masanan ƙasa da injiniyoyin ma'adinai, COMEG, an kafa ta a 1990. Abin baƙin ciki ne ƙauye ya yi karo-karo daga kuɗin riɗi da gero, a haƙa bisa ƙiyasin mai inji, rani na farko ta ƙafe.

Gaskiya ne masu rajista sun fi yawa a Dutse da Kano, ladansu kuma yana yi wa mutumin ƙauye nauyi, wannan kuwa hujja ce a kan hukuma: haƙƙi ne ƙananan hukumomin ƙasar Gumel su ajiye irin waɗannan ma'aikata kusa da jama'a, hakimai da dagatai kuma su daina shaidar cinikin filin da ba a auna ba. Maƙwabta goma suna iya haɗa kuɗi su kira safiyo guda a yini guda. Kai kuma mai karatu, kafin ka miƙa gonarka, ko gininka, ko kuɗin rijiyar unguwarku, tambayi mutum lambar rajistarsa da majalisar da ta ba shi, ka sa a bincika maka.