Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Kada Rama Ta Koma Tamowa

Mai karatu, idan aka ambaci tamowa a Maiduguri, yara ƙanana ne ke faɗo maka a rai. To amma babba ma na kamuwa da ita, musamman wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, a nan gida ko a Masar, Indiya ko Turkiyya.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo kantinmu neman maganin zubewar gashi, wata biyar bayan tiyatarta. Ƙafafunta sun kumbura, tafiya kaɗan sai haki, 'yan uwa kuwa sai yaba ramar suke yi. Ban sayar mata da komai ba, asibiti na tura ta.

A tiyatar da aka fi yi, ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, loma kaɗan ke cika ragowar. Mu kuma mun saba lallaɓa majinyaci da koko, shayi da tuwo mai laushi. Waɗannan na cika ciki, amma furotin, wato sinadarin gina jiki, kaɗan ne a cikinsu. Idan jiki ya rasa shi, sai ya koma cin tsokarsa.

Likitoci na son wanda aka yi wa tiyatar ya samu aƙalla giram 60 na furotin kullum. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6, kofin kindirmo kusan 8, yankan kifi mai girman tafin hannu kusan 20. Da zarar likita ya yarje maka cin abinci mai kauri, fara da waɗannan, ko alale, awara da dafaffiyar kaza, sannan tuwo ya biyo baya. Kifin Baga ga shi a kusa da mu. Ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, ka bar tazarar minti 30 tsakanin abinci da ruwa.

Kada ka dogara da ƙwayoyin bitamin. Suna da muhimmanci, amma ba sa maye gurbin furotin.

In ka ga kumburin ƙafa, kasala, yawan amai ko ciwon da ya ƙi warkewa, garzaya asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, a auna albumin a jininka. Tafi da takardun tiyatarka. Allah Ya ƙara mana lafiya.